Kanwar Baduku a Leɓen Amarya

'Yan matan da ke zuwa wurina a unguwarmu ta Umbadda, cikin Umdurman, yanzu, kowace da waya a hannu take zuwa. Sai su nuna mini wata mata ta narka kaki, ta zuba mai, ta barbaɗa jan gari, ta juya sau uku, cikin minti ɗaya man leɓe ya haɗu. Su ce, "Inna Hauwa, ashe abin babu wuya." Nakan tambaye su ko matar ta nuna musu leɓenta bayan ta sha ruwa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina wannan sana'a, kuma mafi girman abin da na sani a cikinta a rana ɗaya na koye shi, a wani gidan biki a unguwar Alsahafa, ƙetaren kogi. Zan zo kansa. Amma sai kun san yadda aikin yake kafin ku gane abin da na ɓata.

Aikin farko da Gwaggo Kaltume ta ba ni shi ne wanke kaki. Gwaggo yayar babana ce. Tare suka baro gonakin auduga na Jazira suna matasa, shi ya zama baduku a Kasuwar Umdurman yana rina fata yana ɗinka takalman markub, ita kuma ta yi shekaru tana taya wata Balarabiya haɗa turaren amare, daga baya ta ware da man leɓe. Ta lura cewa a garin nan, ko mace ta yi kwalliyar duniya, zafi da iska sai sun fasa mata baki.

Kakin zuma yana zuwa mana ne daga hannun masu zuma, da matattun ƙudan zuma a ciki, da toka, da guntayen ɓawo. A narka shi a ruwa, a bari ya huce ya taso sama kamar faifai, a kankare dattin da ke ƙasansa, a sake. Sau uku. Kafin a saya kuwa sai an gutsura an tauna, domin wasu suna haɗa shi da kyandir. Na gaske yana ba da ƙamshin zuma a baki. Na haɗi santsi kawai za ki ji. Wata biyu na yi ban taɓa komai ba sai kaki.

Bayan kaki sai mai. Man riɗi muke amfani da shi, wanda ake matsawa a turmin da raƙumi ke juyawa, a bar shi ya kwanta mako guda a tace. Ma'auninmu finjalin gahawa ne. Da sanyi, finjali ɗaya na kaki, huɗu na mai. Da zafi, ɗaya da uku, in ba haka ba mace za ta buɗe jakarta a cikin mota ta tarar man ya malale a kan tufarta. Ba a ɗora shi kai tsaye a wuta. Kwano ake sakawa cikin tukunyar ruwa, tukunyar a kan garwashi, kuma garwashin ya zama ya fara yin toka.

Launin shi ne wahalar. Zoɓo muke sawa, wanda Larabawa ke kira karkade. Zoɓo ɗan ruwa ne, ba ya shiri da mai. Ki jiƙa shi a man riɗi shekara guda, man ba zai yi ja ba. Saboda haka sai a shanya shi a inuwa har ya riƙa karyewa, a daka a ƙaramin turmin ƙarfe, a tankaɗe da tsohon mayafi mai laushi, a niƙa garin da ɗan mai a kan faranti da bayan cokali har sai an murza a yatsa ba a ji tsakuwa ba. Idan an zuba shi cikin narkakken kaki, ba a daina juyawa sai ya fara kamawa, don in aka bari garin zai koma ƙasa, saman gwangwani ya zama fari. Ku riƙe wannan: a cikin gwangwani launin zoɓo barci yake yi. Sai ya hau leɓe, ya gamu da damshi, sannan yake farkawa ya nuna ainihin kansa.

Gwangwanayen ƙanana ne, ba su fi murfin kwalba girma da yawa ba, wani maƙeri a kasuwa ke buga mana. Kowane ɗaya Gwaggo takan ɗaure shi da jan zare, ƙulli biyu. Ba ta iya rubutu ba, zaren ne sunanta. Daga Umbadda har ƙetaren kogi, mata ba sa cewa man Kaltume, "mai jan zare" suke cewa. Fiye da rabin aikinmu kuwa ta hannun mutum ɗaya yake zuwa: Nafisa mai lalle, wata Balarabiya doguwa mai kaifin harshe, wadda ke shirya amare a Alsahafa da kewaye. Duk amaryar da ta zana wa lalle, da man Gwaggo take gama mata kwalliya, ta kuma sa a saya wa ƙawaye.

Idan na ce shekarar wahala, yara sukan zata shekarar da yaƙi ya watsa mu nake nufi. Waccan ta kowa ce. Tawa ta riga ta da nisa, kuma da hannuna na jawo ta.

A shekarata ta uku aka yi wa Gwaggo aikin ido, likita ya hana ta kusantar hayaƙi. A makon ne Nafisa ta aiko: gwangwani goma sha huɗu, na amarya da ƙawayenta, ranar Alhamis da safe. Gwaggo tana kwance a gadon igiya da ƙyalle a ido ta ce, "Kin ga yadda ake yi sau ɗari. Je ki yi." Shi ne karo na farko da na haɗa ni kaɗai.

Zoɓon shekarar bai yi kyau ba. Ruwa ya yi ƙaranci a yamma, abin da ya iso kasuwa duk koɗaɗɗe ne. Na daka, na tankaɗe, na dubi garin a faranti, ya yi kama da jar ƙasa. Wannan ba launin amarya ba ne. Sai na tuna rumfar babana. Tun ina ƙarama nake ganin yana jiƙa karan dafi, jan ɓawon dawar nan da ake rina fata da shi. Ruwan yakan tsaya fari-fari, sai ya jefa kanwa, nan take ya koma ja wur kamar jini. Yakan ce, "Ja ba ya fita sai da kanwa." Duk ɗan gidan dukawa ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Na shiga madafa, na ɗauko kanwa kamar ƙwayar wake biyu, na daka, na haɗa da garin.

A cikin gwangwani ya yi kyau, ya ɗan fi duhu kaɗan. Na shafa a bayan hannuna, busasshen hannu, ban ga komai ba. Gwaggo ta ce, "Kin gwada?" Na ce na gwada. Ta miƙo hannu, na riƙa ba ta ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaure zaren da lalube.

Ranar Alhamis ita ce ranar da amarya za ta yi rawa gaban mata, abin da a nan ake kira subhiyya. Na isa Alsahafa da hantsi, uwar amarya ta ce ba zan tafi ba sai na karya kumallo. Shi ya sa komai ya faru a kan idona. Ɗakin cike yake da turare da 'yan mata. Amaryar, Ishraga, tana zaune a tsakiya, hannu da ƙafa baƙi wuluk da lalle. Nafisa ta lakato man da ɗan yatsa ta shafa mata, ƙawaye suka wawashi nasu. Zafi ake yi mai tsanani, aka shigo da ruwan sanyi, kowa ya sha.

Ban fi loma biyar ba na ji ƙanwar amarya ta ƙwalla ihu: "Sajami, na shiga uku! Ku dubi bakinta!"

Leɓen Ishraga ya zama shuɗi mai duhu, kamar an tsoma shi a marina. Ta juya ta dubi ƙawayenta, su ma haka. Mata goma sha huɗu suna nuna juna da yatsa, kowace tana zaton ita kaɗai ta tsira. Sai amarya ta ce bakinta yana mata raɗaɗi.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin abin ba sai na yi bayani. A da, matan ƙasar nan ana huda musu leɓen ƙasa da allura, a cusa kwalli, ya zama shuɗi har mutuwa. A zamanin da nake ba ku labari, tsofaffi kaɗai suka rage da shi, kuma babu abin da budurwar birni ke gudu kamar a ce ta yi kama da su. Kakar amarya, Hajja Batul, tana zaune a kan gado a kusurwa da nata shuɗin leɓen. Ta dube su ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Ni kwana bakwai na yi ban ci abinci ba kafin na samu wannan," in ji ta. "Ku ga shi kun samu a banza, kuna kuka!"

Babu wanda ya taya ta dariya. Nafisa ta ɗaga gwangwani ɗaya ta wurin zaren, ta matso har ina jin numfashinta. Da Larabci muke magana.

"Kaltume ce ta haɗa wannan?"

Kowa a ɗakin ya san Gwaggo ta tsufa, ya san kuma ba ta gani a makon. Da na ce ita ce, da sun yarda, har su tausaya mata, su kuma daina saye a hannunta har abada.

"Ni ce," na ce. "Na sa kanwa."

"Kanwa? Ya bitti, ke 'yar nan, miyar kuɓewa na ce ki dafa mini?"

Na ce a ba ni lemun tsami da auduga da man riɗi. Abin da ya zo mini shi ne, idan aka matsa lemu a ruwan zoɓo yakan ƙara haske, to wataƙila abin da kanwa ta juya, tsami zai mayar. Na goge leɓen amarya da mai, na bi da ruwan lemu. Shuɗin ya koma ja-ja, na sake gogewa ya fita. Amma kanwa ta riga ta ci fatar, lemu kuma ya shiga wurin. Ishraga ta yi hawaye, kwalli ya zubo mata har haɓa, Nafisa ta sake kwalliyar ido daga farko. Rawar ta yi jinkirin sa'a guda da rabi, dangin ango suna zaune a rumfa suna fifita. Da jan bakin kanti, na wata maƙwabciya, amarya ta fita, leɓen ƙasa a ɗan kumbure.

Nafisa ta tattara gwangwanayen a leda ta danƙa mini.

"Na ji kin ce ke ce," ta ce. "Amma mata ba su san ki ba. Zare suka sani."

Da na koma gida na faɗa wa Gwaggo komai a tsaye. Ta ce in ba ta ɗaya. Ta buɗe, ta lakata, ta ɗora a harshe, ta tofar.

"'Yar baduku," ta ce. "Ubanki matacciyar fata yake rinawa, ba ta kuka. Karan dafi ja ne, zoɓo ja ne, sai aka ce miki uwarsu ɗaya? A ina kika gwada?"

"A hannu."

"A hannu za su shafa?"

Ta sa na shafa a leɓena, ta sa aka ba ni kofin ruwa, ta ce in ɗauki kujera in zauna a ƙofar gida daga azahar zuwa la'asar, kuma duk wanda ya wuce in gaishe shi. Bakina ya yi shuɗi kamar na tsofaffi. Malam Sani mai kanti ya wuce ya ce, "Hajja, ina wuni," ya yi taku uku ya dawo ya sake dubana. Yaran unguwa sun yi wata guda suna kirana haboba, wato kaka.

Labarin ya riga ni haye gada. Kafin mako ya zagayo, matan Umbadda da ba su taɓa taka Alsahafa ba sun san mai jan zare yana shuɗa baki, wasu ma sun ce yana sa leɓe ya ruɓe. Nafisa ta koma sayen na kanti. Lokacin bukukuwa ya zo ya wuce, ko amarya ɗaya ba mu gani ba. Gwaggo, da shekarunta da sabon idonta, ta koma suyar gyaɗa a ƙofar gida, sana'ar da ta bari tun kafin a haife ni. Na ce mata mu daina ɗaura zaren, mu canza gwangwani, mu ba wata ta kai kasuwa kamar daga wani wuri ya fito.

"Ɓarawo ke canza riga," ta ce. "Zarena bai yi sata ba."

Duk mako sai ta sa na haɗa gwangwani biyar, ta ɗaure su, in bi gida-gida. Ka'idar ita ce ba zan miƙa wa kowa ba sai na shafa a gabanta, na roƙi ruwa na sha, na zauna. Wasu sukan kira maƙwabta su zo kallo, suna jiran bakina ya juya. Akwai makon da nakan dawo da biyar ɗin cif.

Wata na biyar da faruwar abin, da hantsi, tasi ta tsaya a ƙofarmu. Hajja Batul ce, kakar amarya, da sandarta. Ta zauna, ta sha gahawa, ta tambayi idon Gwaggo, sannan ta nuna ni da haɓa.

"Wancan da yarinyar nan ta yi, shi nake so. Nawa ya koɗe, dubi. Kuma yana fashewa. Na kanti duk ja ne, in shafa a ce tsohuwa ta haukace."

Gwaggo ta ce mai kanwa ba zai sake fita daga gidanta ba, amma a ba mu lokaci. Da Hajja ta tafi ta ce mini, "Ke kika iya baƙi. Nemo shi."

Kwana arba'in ya ɗauke ni. Na gwada garin gawayi, ya yi tsakuwa. Na gwada zoɓon da aka gasa, ya yi ɗaci, ya koma ruwan ƙasa. A ƙarshe na samo baƙin zoɓon Kurdufan a wurin wani mai kayan yaji, na haɗa da ƙwallon dabino da na ƙona ƙurmus na niƙa, irin wanda tsofaffi ke yin kwalli da shi, kashi ɗaya cikin shida. Ya ba da launi mai duhu kamar ɗinya, ba raɗaɗi. Kwana uku ina yawo da shi a leɓena kafin na nuna wa Gwaggo. Ta ɗaure shi da jan zaren nan dai.

Hajja Batul ta kawo ƙawarta, ƙawar ta kawo biyu. Tsofaffi tara muka samu, su ne suka riƙe mu sauran shekarar. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, tsofaffin nan su ke zama a kan gado a kusurwar kowane ɗakin amarya, kuma ba sa shiru. A kowane biki sai ɗaya ta ciro gwangwani mai jan zare ta shafa a gaban Nafisa, a hankali, ta sha ruwa.

Saura kaɗan shekara ta cika Nafisa ta zo da kanta, bayan azahar. Ba ta zauna ba. Ta ce a kawo ja. Gwaggo ta yi mini nuni, na shafa. Nafisa ta ɗebo ruwa a randa da hannunta ta ba ni, ta sa aka dafa shayi na sha da zafinsa, ta ce in lashi leɓena, ta cire agogonta ta ajiye a kan tabarma. Rabin sa'a muka yi muna jira, Gwaggo tana ɓare gyaɗa. Sannan ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta duba dama, ta duba hagu.

"Goma sha shida," ta ce wa Gwaggo. "Ranar Alhamis. Amma ke za ki haɗa."

"Ita za ta haɗa."

"Ya Kaltume, kada ki sake ja mini."

"Ni ban taɓa faɗawa ramin ba, Nafisa, ban san iyakar bakinsa ba. Wannan ta shiga har wuya. In kina son wadda ba za ta taɓa aika miki abin da ba ta sa a bakinta ba, ga ta nan. In ba kya so, kanti yana buɗe."

Nafisa ta ɗaura agogonta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ki bar kanwar a miya, ya haboba," ta ce, ta fita.

Ranar Laraba na gama zubawa, na gwada, na jera gwangwanayen a faranti na kai wa Gwaggo kamar kullum. Ba ta karɓa ba. Ta ciro ƙunshin zaren daga ƙarƙashin matashinta ta jefo mini a cinya.

"Ƙulli biyu," ta ce. "Kada ki ja da ƙarfi, yana tsinkewa."

Gwaggo ta rasu shekara shida bayan haka, Allah ya jiƙanta. Da muka gudu lokacin yaƙi, turmin ƙarfenta da zaren na sa a jaka, da su kuma na dawo. Har yau ba na hana kowace yarinya gwada sabon abu. Wata ta kawo mini gwoza, wata ɓawon rumman, wata kuma wata saiwa da ta gani a waya, duk muna dakawa mu gani. A makon jiya ma wata ta gama zuba nata, launin ya fito kyakkyawa, ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto ta tura wa masu saye. Ta ce, "Inna, ai an gama ko?"

Na tura mata kofin ruwa. Na ce, "Shafa, ki sha, mu zauna."